'Yan Gayya da Ɗabi'unsu

Duk wanda Allah ya hore wa zaman karkara, ya kuma ga yadda ciyawa ke tasowa tana gasa da gero idan damina ta kankama, ya san akwai ranar da gandu ke fin ƙarfin maigida da 'ya'yansa, har ya zama ba makawa sai an raba goro, an aika wa sarkin samari, an kira gayya. Ni dai na halarci gayya ba adadi, tun ina yaro mai ɗaukar gorar ruwa har furfura ta riske ni, abin da kuma na tsinta a tsawon wannan zamani shi ne, idan mutum arba'in suka amsa kira, to goma sha biyar ne za su nome gonar, sauran kuwa shaidu ne.

Shugaban shaidun nan, wanda nake ƙauna duk da ta'addar da ya daɗe yana yi mana, shi ne mai gyaran ƙota. Ba wanda ke riga shi isowa. Tun raɓa ba ta bushe ba za ka same shi a bakin gona, ya durƙusa gaban mai gayya yana cewa, "Baba, ina kwana, yaya ruwa?" a ce masa ruwa ya yi gyara, ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama kunya da irin himmar da za ta sa baƙo ya ɗauka Sarkin Noma ne da kansa, mai dami dubu. Sara uku zai yi, a na huɗu sai ya miƙe, ya ɗaga fartanya sama yana duba ta kamar alƙali na duba shaidar zur, ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi, ƙotar nan ta kwance." Daga nan sai inuwa. Ilmin itatuwa kuwa ya ishe shi, domin ba ya kuskuren nufar gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, sai dai tsamiya ko ɗorawa, inda zai zauna ya nemi dutse, ya nemi tsinke, ya yagi tsumma, yana bugawa ƙwas-ƙwas don kada a ce ba a ji motsinsa ba, yana kuma yi wa duk wanda ya zo shan ruwa bayani filla-filla a kan fifikon ƙotar marke bisa sauran ƙotoci, da lalacewar maƙeran zamani, waɗanda a cewarsa ba su gaji komai daga iyayensu ba sai zugazugi. In ƙota ta zauna, sai ya gano bakin ya dakushe, wasawa kuma aiki ne da ba ya son gaggawa. Abin al'ajabi, gyaran nan bai taɓa kammala ba sai a daidai sa'ar da 'yan mata suka ɓullo ta kan hanya da ƙoren fura a ka, kuma a iya sanina, ludayi bai taɓa kwance masa ba.

Ɗan gayyar soɗi ba ya buƙatar dogon sharhi: ba a kira shi ba, bai zo da fartanya ba, ƙamshin daddawa ne ya yi masa jagora. Haka ɗan birni da ya zo hutu da agogo a hannu, wanda tafinsa ke yin bororo kafin hantsi, ya koma gefe yana nuna wa kowa kamar raunin yaƙi. Saurayin da aka zo gonar surukinsa kuwa abin tausayi ne, don da makaɗi ya taɓa gangar noma ya ambaci sunan kakansa, sai ya haukace ya wuce sahu yana tayar da ƙasa, kafin azahar an kwantar da shi ana yi masa fifita.

Akwai dattijon da ke bin manoma a baya, hannu a goye, yana ba su labarin dalar gyaɗa ta Kano da farin 1973, yana ƙarewa kullum da cewa yaran yanzu ba su san yunwa ba. Kusa da shi akwai almajirin da ya taɓa Risala, wanda zai tsai da kai a tsakiyar kunya ya warware maka mas'alar zakka, cewa abin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa, wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala kuwa rabin ushiri, muddin ya kai nisabi, alhali geron da ake magana a kansa ko kai bai fitar ba.

Waɗannan duka na yafe musu, don ragwancinsu a fili yake, abin da suka ci kuma tuwo ne. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai binne ciyawa. Shi wannan ba ya zuwa inuwa, ba ya gyaran ƙota, hasali ma shi ke fara kai ƙarshen kunya, jama'a na yi masa barka. Amma fa bai sare tushen komai ba, ƙasa kawai yake ja yana lulluɓe harkiya da jiji, in kuwa fartanyarsa ta fille shuka sai ya soke ta a ƙasa ta tsaya kamar mai rai. Na ga aikinsa da idona a gonar wata gwauruwa mai marayu huɗu, wadda ta sai da akuyarta ta yi wa gayya tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu. Kwana uku bayan an sami ruwa, sai ga kunyoyinsa sun yi kore shar da ciyawa, geron ya bushe a tsaye, ita da babbar 'yarta suka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wannan ya ci ladan, ya shafa wa kuturu ruwa a ka, ya tafi ana sa masa albarka. Har yau idan muka haɗu a masallaci gaisuwarmu ba ta wuce sallama.

La'alla mai karatu ya tambaya, yaya aka yi na ga duk waɗannan abubuwa dalla-dalla, alhali mai noma na gaskiya ba ya ganin komai sai ƙasa da dugadugan na gabansa. Amsa ita ce, tun da daɗewa jama'a suka lura ina da amana, suka ɗora mini nauyin zuwa gida in gano ko fura ta damu, hanyar kuwa tana da nisa, ga ta kuma ta bi ta gindin tsamiya.