Ɗaurin Talala a Tsakiyar Teku

Ni dai ba na jin nauyin faɗa: wanda ya tafi Maldives hutun kwana uku, ɗaurin talala ya saya da dalarsa. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya, kuma tun da aka buɗe otal ɗin Kurumba a 1972, tsarin manyan wuraren shaƙatawarta shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Mai otal shi ne mai abinci, shi ne mai shago, kwalekwalen fita ma nasa ne. In ya ce kwalbar ruwa dala kaza ce, haka za ka biya kana murmushi, don babu wani mai shago a bayan layi da za ka yi zuciya ka koma wurinsa. Ga ruwa iya ganinka, amma duk na gishiri.

Sai lissafin kwanakin. Jirgi zai sauke ka a filin Velana, kusa da Male babban birni. Da yawa daga tsibiran nesa kuwa sai ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa, shi kuma ba ya tashi da dare. Ka iso da magariba, sai ka nemi makwanci a Hulhumale kusa da filin jirgin, alhali can ɗakinka mai tsada yana kwana shi kaɗai. Ranar ƙarshe ta haɗa kaya ce. Saura yini guda, in kuma tsakanin Mayu da Oktoba ne, lokacin damina, kana iya ƙare shi a bakin taga.

Za a ce ai wurin yana da kyau. Wallahi yana da shi: farin yashi, ruwa garai-garai har kana ƙirga kifi. Sai dai da yawa daga tsibiran kafin shayinka ya huce ka zagaye su, daga nan abin yi ya koma cikin teku. Ƙasar nan fa a 2009 shugabanta Mohamed Nasheed ya tara ministocinsa taro a ƙarƙashin ruwa, don nuna wa duniya cewa teku na neman cinye su. Inda minista ke sa hannu a takarda cikin kayan ninƙaya, me baƙon da bai iya iyo ba zai yi?

Masu wayo kan ce a sauka Maafushi, inda mutanen gari ke da masauki mai sauƙin kuɗi, ga masallaci, ga shaguna. Na yarda, wannan dabara ce. Amma fa a can ɗakinka kan ƙasa yake, ba bisa ruwa ba, kuma hoton ɗakin bisa ruwan nan ne ya raba ka da kuɗin jirgi tun farko.