Yadda Ake Haɗa Jarumar da Aiki da Soyayya Suka Sha wa Kai

Marubuciyar da ke son littafinta na barkwanci ya ci kasuwa a Landan ko New York, sai ta fara da neman jaruma mai shekara talatin da ɗoriya, mai ilimi, mai albashi, wadda komai nata a hargitse yake. Helen Fielding ce ta share wannan fage. A 1995 ta soma rubuta labarin Bridget Jones a jaridar Independent, a 1996 ya zama littafi, daga nan mawallafa suka buɗe ido.

Da farko, jaruma ta iya lissafin laifuffukanta. Bridget kan buɗe kundinta da nauyin jikinta, da yawan tabar da ta busa, da giyar da ta kwankwaɗa, sannan ta ɗauki alkawarin gyara hali wanda ba ya kai la'asar. Mai karatu tana jin sanyi idan ta ga wadda ta fi ta kwaɓewa. A ƙara da uwa da ƙawayen uwa masu tambayar yaushe za a sha biki. A nan kam gwaggon Ingila da ta Kano bakinsu ɗaya.

Sana'ar jaruma kuwa dole ta ƙaryata halinta. Sophie Kinsella ta gane wannan a 2000, da ta fito da Becky Bloomwood, 'yar jarida mai rubutu kan harkar kuɗi, alhali bashi ya kai mata iya wuya, wasiƙun banki kuma tana cusa su a durowa ba ta buɗewa.

Sai shugaba a ofis, kuma kada a kuskura a ba shi imani. A littafin The Devil Wears Prada na 2003, editar mujallar ƙawa Miranda Priestly ta sa mataimakiyarta ta nemo wa tagwayenta sabon littafin Harry Potter tun bai shiga kasuwa ba. Marubuciyar, Lauren Weisberger, ta taɓa zama mataimakiyar Anna Wintour a mujallar Vogue, don haka raɗe-raɗin da wa ake ya tallata littafin kyauta. Mai tsohuwar uwar ɗaki mai zafi ta adana ta, jari ce.

Idan jaruma matar aure ce mai 'ya'ya, wurin Allison Pearson za a ɗauki darasi. Littafinta na 2002, I Don't Know How She Does It, ya buɗe da Kate Reddy, mai juya maƙudan kuɗin jama'a a Landan, tsaye a kicin da tsakar dare tana bubbuga kek ɗin Kirsimeti da ta sayo a kanti, don ya yi kama da na gida kafin a kai makarantar 'yarta. Matar da manyan attajirai ke jin shawararta, ga ta tana tsoron harara daga iyayen yara. Mijinta kuwa, ba wanda zai tambaye shi wa ya toya kek. A ƙarshen littafin Kate ce ta ajiye aiki, abin da har yau bai yi wa wasu masu karatu daɗi ba.

Batun masoyi ba ya buƙatar wahala, aro ake yi. A kawo maza biyu, ɗaya mai daɗin baki da yaudara, ɗaya mai ɗaure fuska da amana. Fielding ta ɗauko nata daga littafin Jane Austen na 1813, ko sunan mai ɗaure fuskar, Darcy, ba ta canza ba. Da aka zo fim ɗin Bridget a 2001, aka ba Colin Firth matsayin Darcy, shi da ya riga ya fito a Darcy na asali a shirin BBC na 1995.

Matsalar ita ce da zarar jaruma ta samu natsuwa, dariya ta ƙare, mawallafi kuma yana jiran ci gaba. Fielding ta warware wannan a 2013: ta kashe Mark Darcy, mijin Bridget, ta dawo da Bridget bazawara mai shekara 51 da 'ya'ya biyu, tana koyon Twitter. Masoya littafin suka yi ta ƙorafi, suka kuma je suka saya.