Yadda Za Ka Yi Zanenka a Hayin Banki Ba Tare da Ka Ɓata da Kowa Ba

Idan hannunka yana ƙaiƙayin zane, kada ka ce sai ka tara kuɗin kayan aiki. Fensir ɗaya da bayan tsohuwar kalandar da 'yan siyasa suka raba sun isa. Gawayi kuwa yana wurin mai shayi, amma ka sayi kofi ɗaya kafin ka roƙa. Tawada ka tambayi kowane almajiri, zai nuna maka yadda ake haɗa ta da gawayi da ƙaro. Kurkum zai ba ka rawaya, bular wanki ta ba ka shuɗi, zoɓo ya ba ka ja, ko da yake yana bushewa a takarda sai launinsa ya sauya. Sai dai ka nemi izinin Inna kafin ka ɗiba, musamman idan zoɓon na sayarwa ne.

Wurin zama shi ne babbar magana. Kada ka kuskura ka fara a ƙofar gida bayan la'asar. Kafin ka ja layi uku yara sun yi maka zobe, wannan yana cewa mota ce, wancan yana rantsuwa saniya ce, alhali kai randar tsakar gida kake zanawa. Ka shiga zaure, ka jingina da bango. Ka kuma lura da akuyar maƙwabta, domin ita ba ta bambanta aikin mako guda da takardar ƙosai. Da hunturu kada ka shanya fentin mai a waje, ƙura za ta manne masa kafin ya bushe. Da damina kuwa laima ce ke lanƙwasa takarda, don haka ka danne ta da littafi mai nauyi.

Akwai wurin da ba a zama da takarda da fensir ko kaɗan: gaban bariki. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana nan Kawo, kuma sojan da ke bakin ƙofa ba zai tsaya sauraron bayaninka a kan kyan inuwar bishiya ba.

Tambayar da za ka fi sha a majalisa ita ce, "To, nawa za a biya ka?" Ka yi murmushi ka ce ba na sayarwa ba ne. Za su dube ka da tausayi. Bayan kwana biyu kuma Alhajin layinku zai aiko a kira ka, ka rubuta masa "Wannan gida ba na sayarwa ba ne" a jikin katanga, tela ya nemi allon shago, Hajiya ta ce a gyara mata lambar gida. Ka yi musu don zumunci, ragowar fentin kuma ka roƙa a bar maka.

In za ka zana mutum, kada ka fara da surukarka, kada ka fara da mai unguwa. Hanci yana da wuyar kamawa, kuma babu mai yafe wanda ya ƙara masa shi. Sannan ka san malamai suna da magana a kan zanen abu mai rai. Ka tambayi malaminka, kuma in zuciyarka ba ta natsu ba, fili yana da yawa. Ga rufin kwanon unguwa da ya yi tsatsa iri-iri, ga gadar Kawo da aka sabunta aka buɗe a 2022, ga tulin tumatir da attaruhu a kasuwar Kawo ranar Talata. Ga dagin Arewa, ga zayyanar da ake yi wa allon sauka, wadda kakanninmu suka gwanance a kanta tun kafin Bature ya kawo fensir.

Wani zai ce maka wannan aikin Turawa ne ko na marasa aikin yi. Kada ka yi fushi, ka biya masa kuɗin Keke zuwa gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, ya ga kayan yumɓun Nok da aka ƙera a kudancin jihar nan fiye da shekara 2000 da suka wuce. In bai gamsu ba, ku shiga mota a tashar Kawo zuwa Zariya, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a, da zanen da magina suka yi wa fuskokin gidajen birni. A garin ne kuma, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Ingila ba, za su nemi salo daga gida. Shawararsu ta shafe ka: ka zana abin da idonka ya sani.

Abin da na fi so ka riƙe kuwa, ba dole zanenka ya yi kama da komai ba. Akwai ranar da mai bin bashi ya tsare ka, ko aka yi maka rasuwa, ko wani farin ciki ya cika ka har ka rasa wanda za ka gaya wa. Ranar nan ka ɗauki launin da zuciyarka ta nuna, ka shafa yadda hannu ya tafi. Sau da yawa za ka tashi ka ji ƙirjinka ya yi sauƙi. Ka rubuta kwanan wata a gefe, ka sa a leda saboda gara da ɓera. Ke ma 'yar'uwa, hannun da ya iya zana lalle ya riga ya yi rabin karatun, takarda kawai ta rage miki.

Ku kuma iyayen Hayin Banki, in kun kama yaro yana zane a bango da gawayi, ku sa shi ya goge, wannan daidai ne. Amma ku ajiye bulalar, ku saya masa littafin zane da fensir mai launi.