Kiɗan Barci, Kuka Ce?

Na ji ku, malamai. Kun ce taron mutane cikin baƙaƙen kwat suna ta goga goge, wani ya juya wa jama'a ƙeya yana kaɗa 'yar sanda, babu kirari babu liƙi, ai maganin barci ne kawai. Kun ƙara da cewa duk kiɗan matattun Turawa ne, yau Mozart, gobe Beethoven. To, ku gyara zama.

Ranar 30 ga Agusta 2017, a zauren Royal Albert Hall na Landan, ƙungiyar makaɗa ta Chineke! ta hau dandamali a bikin Proms, wanda ake yi tun 1895. Chi-chi Nwanoku ce ta kafa ƙungiyar a 2015, kuma mahaifinta ɗan Najeriya ne. Galibin makaɗan baƙar fata ne. Mai tsoron gyangyaɗi kuwa ya sayi tikiti mai araha, don a tsaye ake sauraro, in ya isa ya yi minshari mu gani.

A daren nan aka fara kaɗa The Spark Catchers na Hannah Kendall, kunnen ɗan Adam bai taɓa jin sa ba sai ranar. Tushensa yajin aikin 'yan matan masana'antar ashana ne na gabashin Landan a 1888, waɗanda gubar aikin ke cinye wa muƙamuƙi. Matacciya? Kendall tana nan da ranta, a lokacin ko arba'in ba ta kai ba. Aka kawo Lyric for Strings na George Walker, Ba'amurke baƙar fata na farko da ya ci kyautar Pulitzer a fannin kiɗa, a 1996. Ya tsara shi a 1946 don tunawa da kakarsa, wadda ta ɗanɗani bauta. Kiɗa ne mai tafiya sannu, ƙara na hawa kan ƙara har ƙirji ya yi nauyi. Sai waƙar Chevalier de Saint-Georges, ɗan baiwa da aka haifa a tsibirin Guadeloupe a 1745, wanda ya gagari Faransa a goge, ya gagare ta a wasan takobi.

Yanzu na san abin da za ku ce: "Ai mu ba mu san ko ɗayansu ba." Haba! Ɗazu kun gaji da tsofaffin fuskoki, an kawo baƙi kuma kun tsuke baki. Wai me za a yi muku?

Masu shirya taron ma sun san halinku, don Turawan ma haka suke: in aka jera sabo zalla, kujeru su yi wayam. Shi ya sa aka cusa kiɗan tsofaffin fuskoki, Handel da Dvorak, a tsakani, kamar uwa mai ɓoye magani a cikin kunu. Ni dai ban ga laifin wayon ba, muddin maganin ya wuce maƙogwaro.

Af, Hajiya, ke da kika fi kowa dariya. Yaron nan da ya rungume ƙaton goge tsakanin gwiwoyinsa a ɗaurin auren Yarima Harry a 2018, kika hana yara motsi har ya gama, Sheku Kanneh-Mason ke nan. Shi ne ya kaɗa Dvorak ɗin a wancan dare, yana ɗan shekara 18. Ko rigar amarya kaɗai kike kallo?