Mai Unguwar Idon Sawu Ya Makara

Tsayuwa da ƙafa biyu aikin fada ne. Ƙwaƙwalwa ce ke kan karaga, masu kawo mata rahoto kuma uku ne: ido, kunnen ciki, da ƙafa. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma mai kai magana fada daga can yakan bi ta hannun mai unguwa, wato idon sawu.

Yawancin targaɗe, ƙafa ce ke lanƙwashewa ciki, jijiyoyin gefen waje su miƙe fiye da ƙima. Kumburi ya sace, mai ɗori ya sallame ka, amma mai unguwa bai koma bakin aiki yadda ya saba ba. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya yi bayanin cewa raunin yana taɓa ƙananan jijiyoyin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda gaɓar take. Shi ya sa za ka taka tsakuwa, rahoto ya isa fada bayan ka riga ka kai ƙasa.

A nan shimfiɗar cikin takalmi ke shigowa. Mai 'yan tudu-tudu tana tsikarar fatar tafin ƙafa, ta sa ya kai nasa rahoton ba tare da jiran mai unguwa ba. Mai kwarmi tana riƙe dunduniya kada ta yi yawo. Akwai kuma mai ɗan kauri a gefen waje, wadda ke tare ƙafa daga ɓangaren da ta saba zamewa.

Abin da ya fi damuna shi ne soso. Mutum ya je wurin shumeka ya ce a sa masa mai laushi, mai kauri, don ƙafarsa ta huta. To, za ta huta. Ɗan aiken da aka shimfiɗa wa katifa kwanciya zai yi, ƙasa ta karkata bai ji ba.

Gwajin ko shimfiɗar tana taimaka maka ba shi da wuya. Tsaya kusa da bango a kan ƙafar da ta yi targaɗen, ka rufe ido, ka ƙirga. Ka yi da shimfiɗar, ka sake yi babu ita, ka ga inda ka fi daɗewa. Shi kuwa mai unguwa, horonsa yana wurin likitan gashin ƙashi, a kan wani katako mai lilo, kuma makonni yake ɗauka.