Ɗan Tsafe Ya Ce Ba Wuta, Ɗan Bungudu Ya Ce Ba Data

Ƙannena masu karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, tun ban buɗe baki ba na ga kun taɓe naku. "Mi wanga zai gaya muna?" To ku gyara zama. Wannan ilimin naku a yatsu yake zama. Wanda ya haddace handawut ɗin Python daga bango zuwa bango, alhali bai taɓa rubuta layi goma kwamfuta ta watso masa jan rubutu ba, mahaddaci ne, Allah ya ƙara basira. Amma ranar da manhaja ta ƙi tashi, ba shi za a aika a kira ba.

Ɗan Tsafe ne ya fara ɗaga hannu: babu wuta. Gaskiyarka, ban musa ba. Sai dai da wani ne ya faɗa da na yi shiru, ban da kai da 'Yandoto take bayan gidanku, garin da malamai suka yi suna tun kafin jihadi ba tare da ƙwan lantarki ko ɗaya ba. Akwai wani Baturen Holan, Edsger Dijkstra. A 1956 yana zaune a shagon shan kofi a Amsterdam ya tsara dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin gari da gari, cikin kamar minti ashirin, ba takarda ba fensir. Sai a 1959 aka buga ta, kuma ita ce za ta tare ku a jarrabawa nan gaba. Kai kana da takarda, har da biro. Ɗiga Tsafe, Gusau, Bungudu, Kaura Namoda da Talatar Mafara, ka ja layuka, ka sa nisan kowanne, ka bi dabarar mataki-mataki kana rubuta abin da ke canzawa. In an kawo wuta ka buga ka gani ko kun yi daidai da na'urar. Inda kuka saɓa, nan karatun yake.

Ɗan Bungudu kuma, da jami'ar ma a ƙasarsu ta sauka wajen Sabon Gida, ya ce shi ba laftof ba data. Ƙanena, miƙo wayar mu gani. Ga TikTok, ga wasan ƙwallo, ga bidiyon biki cike da ita. Ka share biyu, ka sauke Pydroid 3 ko Termux, ka nemi kibod na hannu da 'yar igiyar OTG, ka samu wurin gwaji ke nan. Littafin bayanin Python ana sauke shi gaba ɗaya a karanta ba intanet. Git, da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana adana tarihin aikinka a kan na'urarka, sai ranar da ka samu sabis ka tura GitHub. Mu da aka katse wa layukan sadarwa a faɗin jihar nan a Satumbar 2021, ai ba sai wani ya koya mana amfanin ajiye abu a gida ba. Laftof kam dole ne daga baya, ba zan ruɗe ka ba, amma tsohuwa mai ƙwaƙwalwar giga 8 ta ishe ka har ka gama.

Yanzu ga babban gwani, ɗan cikin Gusau, mai laftof ɗin da sitika ta rufe har ba a ganin sunan kamfanin. Shi damuwarsa lissafi. Wai mene ne haɗin manhaja da lissafin aji ɗaya? Haɗinsu shi ne makinka, tukuna. Digiri mai daraja ta farko daga maki 4.50 yake farawa, kuma wanda ya kwaso kari-oba biyu a shekarar farko, komawarsa sama sai ka ce hawan dutsen Kwatarkwashi da silifas. Bayan maki, ranar da ka rubuta abin da ke aiki lafiya da sunaye ɗari amma ya sandare da dubu ɗari, za ka nemi malamin da ka riƙa gudun ajinsa.

Ya ce ai tun ƙarshen 2022 akwai ChatGPT. Akwai. Ka tambaye shi dalilin kuskure, ka sa ya yi maka bayani har sau uku, ba ya gajiya. Amma ka kwafo abin da ba ka iya karantawa, ko ka sayi furojet a shagon buga takardu ka canza bango, ranar kare aiki tambaya ɗaya za a yi maka: "Malam, goge wannan layin, me zai faru?" Zufar da ake yi a wurin, ko da sanyin hunturu, ba a cewa komai.

Me ya kai ka sayen furojet ma, ga matsaloli a ƙofar gida? Mai shagon taki da bashin manoma ke ɓace masa a littafi. Islamiyyar unguwarku da ke tara sakamakon yara da hannu. Mai POS da lissafin dare ke hana shi barci. Ɗauki ɗaya, ka yi mata manhaja da Hausa, ka sa ta yi aiki ko ba sabis, ka kai wa mutumin ya gwada ya kushe. Kushen nan ya fi tafin abokai amfani. Watannin SIWES ma haka: in wurin da aka tura ka hoton takardu kawai ake ba ka, ka nemi wata 'yar matsala tasu ka warware, kada ka koma gida ka dawo da littafin da aka cike a dare ɗaya.

Na ji wata daga baya tana cewa duk mun ji, amma ina aikin yi? Ƙanwata, ban da shi a aljihu. Ni ma ina da tawa tambayar, kuma da yayyenki nake: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya gina wani abu a cikinsa, ko da ƙaramin kalkuleta ne, ya buɗe mu gani. Ɗan Tsafe, kai ka fara.