Halayen Baƙin Ɗalibai a Birnin Alƙahira

Tun zamanin da mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Masar cikin ƙarni na 13, har zuwa yau da jirgin sama ke sauke yaranmu a Alƙahira cikin 'yan sa'o'i, wasu domin shekara guda ta ƙaro Larabci, wasu domin dogon zama, ba a cika rasa ɗan ƙasarmu a inuwar Azhar ba. Kuma duk wanda ya zauna da su a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙetare, ya san baƙunta ba ta sauya wa mutum hali, iyakarta ta tono wanda ya zo da shi a ɓoye.

Akwai wanda 'yan'uwansa ke yi wa laƙabi da Sibawaihi, sunan gwanin nahawun Larabci. Shi ne ya haddace Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik a zauren malaminsa, ya taho da yaƙinin cewa ya iso inda za a gane darajarsa. Da safe sai ya tsaya gaban mai sayar da wake, ya gyara murya, ya nemi karin kumallo da jumla mai cikakken li'irabi, babu wasalin da ya tauye, mai wake kuwa, ludayi a hannu, ya saurara cikin ladabi har ya kai aya, sannan ya ce, "Sadaƙallahul azim." Daga ranar malam ya yanke hukuncin cewa Larabci ya ƙaura daga Masar, amanarsa ta rage a wuyansa shi kaɗai.

Kishiyarsa shi ne wanda bai cika mako biyu ba ya ajiye hula, ya mai da jimun gimun irin na 'yan gari, yana kiran kowa basha, yana rantsuwa da ƙungiyar ƙwallon Ahli a gaban magoya bayan Zamalik alhali bai san sunan mai tsaron gidansu ba. Idan mahaifiyarsa ta kira shi sai Hausa ta riƙa kakare masa, har tsohuwa ta ce, "Kai ɗan nan, lafiya kuwa? Ko aljanun Fir'auna ne?"

Sai mai kewar gida, wanda rabin akwatinsa kuka ce da daddawa da yaji da kilishi. Ranar da aka fara ajiye masa kushari, ya ga shinkafa da taliya da adas sun taru a kwano guda an yi musu rawani da soyayyiyar albasa, sai ya ture ya ce bidi'a ce; bai sulhunta da ƙasar ba sai da ya ɗanɗani mulukiyya, ya tarar ashe miyar lalo ce. Shi ne kuma ya yi dariya da aka ce ya sayi bargo, wai wanda ya sha hunturun Kano me zai tsorata, har watan Ɗuba na Ƙibɗawa ya kama cikin Janairu, aka same shi ya kwana da safa da babbar riga. Ɗan'uwansa na jini shi ne mai lissafi, wanda ba ya sayen ko gurasa sai ya juya fam zuwa naira, ya yi salati, ya fasa.

Mai tara littattafai kuwa ina girmama shi, ko da yake ba na ba shi rance. Kasuwar Azbakiyya da lungunan bayan Azhar sun san takunsa, bajekolin littattafai da ake yi tun 1969 shi ne idinsa. Ya jera Fathul Bari da Lisanul Arab har sun kore shi daga gado, amma 'yar muzakkirar da za a yi jarrabawa a kanta aro yake nema daren imtihani, kuma bai taɓa tunanin ranar da zai tsaya gaban ma'aunin kaya a filin jirgi ba.

Amma shugabansu duka shi ne tsohon hannu, wanda ya zo tun ana sabunta iƙama a ginin Mugamma na dandalin Tahrir. Ya san tagar da ake fara miƙa fasfo da wadda ake sayen tambari, ya san ma'aikacin da ake gaisarwa da wanda ake ƙyalewa sai ya gama shayinsa, ya san dillalin ɗaki mai tsoron Allah, ya san motar da ke zuwa unguwar Darrasa ba tare da ya duba lamba ba. Shi ke tarbar sabo a filin jirgi, shi ke raba rigimar kuɗin haya, shi ke limanci in an yi suna. Ba don shi ba da rabin baƙin sun koma gida kafin wata uku. Abu ɗaya ne dattawan ɗalibai suka yi ijma'i a kan haramcin tambayarsa, sai dai kowace shekara ba a rasa wani sabon zuwa marar wayo da zai ce, "Allah gafarta Malam, yaushe za ka kammala?" Sai ya shafa gemu, ya ce, "Bukra," wato gobe, "in Allah ya yarda," sannan ya tambayi yaron ko a cikin kayansa akwai kilishi.